Sana'ar garin kunu da goyo a baya: yadda za ki fara a Zariya

Lokacin da na fara sayar da garin kunu, babbar 'yata tana aji ɗaya a firamare, mai bi mata yana shekara uku, ƙaramin kuwa ko zama bai fara ba. Muna haya a Tudun Wada, ɗaki biyu da tsakar gidan da muke rabawa da maƙwabciya. Kafin nan na taɓa gwada dafaffen abinci, shinkafa da wake da rana, wata biyu na yi na ajiye, alhali ana saye sosai. Abin da ya kayar da ni shi ne dafaffen abinci ba ya jiran kowa. Ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi kika wuni a layin asibiti, tukunyar ranar ta tafi, jarin da kika zuba a cikinta ya bi ta. Tun daga nan na gane cewa mace mai ƙananan yara, kafin ta tambayi me ake saye a gari, sai ta fara tambayar kanta wane kaya ne zai iya jiran ta.

Zaɓi kaya ɗaya, wanda zai jira ki

Kayan da ke jira suna da yawa a wurinmu: garin kunu, garin ɗanwake, yajin daddawa, dambun nama, ƙuli-ƙuli, cincin, alkaki. Kowanne ana yin sa rana ɗaya a sayar da shi a hankali. Shawarata ki ɗauki ɗaya tak, wanda hannunki ya fi faɗawa, wanda in kin yi shi a gidan suna ake tambaya wa ya yi. Mutane ba sa riƙe sunan mai sayar da komai da komai, amma za su riƙe "matar nan ta Tudun Wada mai garin kunu", su kwatanta ki ga wasu. Ni garin kunu na sani, da shi zan yi misali, mai dambu ko mai yaji ta ɗora nata a kan ma'aunin.

Kafin ki sayi ko mudu ɗaya, ku zauna da maigida. Maganar ta wuce neman izini kawai. Ku daddale abubuwan da ke haddasa rigima daga baya: wa zai riƙa miƙa kaya in namiji ya yi sallama a ƙofa, wace rana za ki fita kasuwa da wurin niƙa, wa zai riƙe yara a ranar, kuma kuɗin sana'a ba na cefane ba ne sai in rance aka yi aka rubuta. Ni haka na ce wa nawa: "Abban yara, duk ranar da ka ga na taɓa kuɗin robar nan na sayi magi, ka tuna mini." Ya yi dariya, amma ya riƙe, kuma ya taimake ni.

Sayen hatsi

A nan Allah ya yi wa 'yan Zariya gata. Muna tsakiyar ƙasar noma, Giwa da Soba da Maƙarfi da Ikara duk a kewayenmu suke, kuma cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru ita ce ke fitar da irin gyaɗar da ake kira SAMNUT. Gero da dawa da waken suya da gyaɗa ba sa yi mana wuyar samu. Da farko kasuwar Sabon Gari ko ta Tudun Wada ta ishe ki, ki saya mudu-mudu. Sai hannunki ya yi ƙarfi sannan ki fara tunanin buhu daga kasuwannin ƙauye, kuma lokacin hakan shi ne kaka, wajen Oktoba zuwa Disamba, sa'adda sabon amfani ya shigo farashi ya sauka.

Ki nemi mai hatsi ɗaya ki riƙe shi. In kin je, ki zura hannu har ƙasan kwano ki ɗebo, kada ki tsaya ga na sama da aka gyara. Ki shinshina. Hatsin da ke warin maganin ƙwari ki bar shi komai arharsa, domin cikin yaran mutane zai shiga. In kin fara ajiya da yawa, akwai buhun PICS mai ninki uku da ke kashe ƙwari ta hanyar toshe iska, ba sai an zuba magani ba. Jarka mai tsabta da marfi mai kamawa ita ma tana yin wannan aikin in an cika ta taf.

Gyaɗa ce ke buƙatar idonki fiye da komai. Gyaɗar da ta sha danshi tana yin fumfuna, fumfunar nan kuma tana haifar da wata guba da ake kira aflatoksin, mai cutar da hanta, mai daƙile girman yara. Suya ba ta kawar da ita. Maganinta tsinta. Ki baje gyaɗar a faifai a wuri mai haske, duk ƙwayar da ta yamutse, ko ta yi baƙi, ko ta yi kore-kore, ko ƙwaro ya huda, ki fitar ki zubar. Aiki ne mai cin rai, amma shi ne wanda za ki iya yi kina zaune kina shayarwa, ko da dare kina sauraron karatun 'yar makaranta. Ni ban taɓa ba wani wannan aikin ba sai wadda na zauna da ita na ga yadda take tsinta.

Yadda ake haɗa garin

Ma'aunina shi ne gero mudu 4, waken suya mudu 1, gyaɗa mudu 1, sai busasshen dabino gwargwadon zaƙin da ake so. Wasu suna raba geron da dawa ko alkama. Ki gwada naki har ki samu wanda ya yi miki, sannan ki rubuta shi ki daina canzawa, domin wadda ta saya yau ta ji daɗi, wannan ɗanɗanon take so ta tarar wata mai zuwa. Abu ɗaya zan ja kunnenki a kai: kada gyaɗa ta yi yawa. Manta zai sa garin ya dunƙule a inji, kuma ba zai daɗe ba zai fara warin tsohon mai.

Gero a surfa, a wanke, a rege tsakuwa da kyau, a shanya. Tsakuwa ɗaya a bakin mai saye ta isa ta raba ku. Waken suya a tsince, a jiƙa, a murje ɓawon a zubar, a shanya har ya bushe ƙarau, sannan a soya shi a kasko ba mai har ya yi ja-ja ya daina gafi. Wannan suyar ba don ƙamshi kaɗai ba ce. Ɗanyen waken suya yana da wani sinadari da ke hana ciki narkar da abinci yadda ya kamata, zafi ne ke kashe shi. Gyaɗa a soya sama-sama, a murje, a bakace. Geron ma in ya bushe a ɗan juya shi a kasko har ƙamshinsa ya tashi. Dabino a cire ƙwallon, a duba cikinsa saboda tsutsa, a ƙara busar da shi, a daddaka kafin a kai inji. Kowanne a soya shi daban, domin ba lokaci ɗaya suke nuna ba.

Shanya kuwa ta danganta da lokaci. Da hunturu wuni ɗaya ya isa, sai dai ƙurar Zariya ba ta da tausayi, ki rufe da farin ƙyalle mai shara-shara, wanda zai kare kaji da ƙuda ma. Da damina, musamman Yuli da Agusta, ki rage yawan abin da kike jiƙawa, ki dogara da kasko wajen ƙarasa busarwa.

Ranar suya ita ce ranar da nake roƙonki kada ki yi da goyo a baya. Na san mun saba, iyayenmu haka suka yi, amma awa biyu a gaban gawayi hayaƙi yana shiga ƙirjin jariri, kuma mai rarrafe ba ya sanin kasko mai zafi. Ki sa suyarki bayan sallar asuba kafin su tashi, ko ki miƙa shi ga kakarsa ko maƙwabciya na awa biyu, ke ma ki riƙe mata nata wata rana. Ni da matar da muke tsakar gida ɗaya haka muka yi shekara guda: Talata nata yana wurina, Laraba nawa yana wurinta.

Wurin niƙa ki je da sassafe, kafin a niƙa barkono ko kanwa ko garin rogo a injin. Ki tafi da ɗan gero daban kamar gwangwani biyu, ki ce, "Malam, don Allah a fara wanke injin da wannan," a zuba shi ya fito da ragowar na jiya, sannan a sa naki. Ki biya shi ladan hakan ba tare da ya tambaya ba. Mai inji in ya san ke mai zuwa ce duk mako kuma ba kya ja masa rai, shi da kansa zai riƙa ajiye miki layin farko.

Sai matakin da ni ya taɓa ƙona ni. Gari yana fitowa daga inji da zafi. Wata ranar Agusta na dawo daga niƙa hadari ya haɗo, jaririn yana kuka, mutum uku suna jiran kaya, sai na tankaɗe na ɗura a leda da ɗuminsa na liƙe. Bayan kwana tara wata baiwar Allah daga Gyallesu ta dawo mini da leda biyu. Ba ta ɗaga murya ba, ta ajiye a gabana ta ce, "Maman yara, duba ki gani." Na buɗe, garin ya dunƙule a gefe, wari ya bugo ni. Gumi ne ya taru a cikin ledar. Na mayar mata da kuɗinta, na bi sauran waɗanda suka saya a ranar ɗaya bayan ɗaya na karɓo nawa. Ribar wata guda ta tafi, amma matar nan har yau tana saye a wurina. Don haka in kin dawo daga inji, ki baje garin a manyan tire a ɗaki mai tsabta, ki rufe da ƙyalle, ki bar shi ya huce sarai, har in kin nutsa hannu a tsakiyarsa ba ki jin ɗumi. Sannan ki tankaɗe da rariya mai laushi, sannan ki ɗura.

Awo, leda da farashi

Abubuwa biyu ne suka cancanci kuɗin jarinki na farko: ƙaramin sikeli da injin liƙe leda. Awo da kofi yana cutar ki ko ya cuci mai saye, yau ki cika gobe ki rage ba ki sani ba. Ki tsayar da girma biyu, misali giram 500 da kilo 1, ki ƙara da ƙaramin ƙulli na ɗanɗano ga wadda ba ta taɓa saye ba. Injin liƙe da wuta yake aiki, wuta kuma kin san halinta, saboda haka duk lokacin da aka kawo ki ajiye abin da kike yi ki liƙe. A jikin kowace leda ki manna takarda mai ɗauke da sunan sana'arki, da lambar waya, da abubuwan da ke ciki, da ranar da aka yi, da yadda ake damawa. Ki rubuta ƙarara cewa akwai gyaɗa da waken suya, domin akwai yaran da jikinsu ba ya karɓarsu. Masu buga takardu a Samaru da PZ suna yin irin wannan aikin ko da kaɗan ne.

Farashi kuwa da littafi ake yanke shi. Ki rubuta komai na zagaye ɗaya: hatsi, dabino, surfe, niƙa, gawayi, leda, takarda, kuɗin Keke zuwa da dawowa, datar waya, har da ladan aikinki na kwana biyu, wanda yawancinmu muke mantawa da shi kamar ƙarfinmu kyauta ne. Sannan ki auna garin da ya fito, domin abin da kika saya ba shi ne zai fito ba. Dusa da ɓawo da tsinta sun ci rabonsu. A ce duka kin kashe N30,000, garin ya ba ki kilo 12. Kowane kilo ya tsaya miki N2,500 ke nan, kafin riba. Daga nan ki ɗora abin da zai ishe ki sake sayen kaya ko da farashi ya motsa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya ga yadda kuɗin mota da na niƙa ke tashi ba sanarwa, saboda haka wannan lissafin duk zagaye ake sake shi.

Kuɗin sana'a su zauna a asusu nasu daban. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya koya wa kowa tura kuɗi ta waya, har tsofaffi. Ki buɗe asusun da ba kya taɓawa don cefane, kuma kada ki saki kaya don an nuno miki hoton rasit. Ki buɗe naki ki ga kuɗin sun shiga. Bashi shi ne ya fi wuya, domin masu cinsa naki ne: ƙanwar miji, 'yar ajinku a Islamiyya, matar ƙofar gida. Abin da ya fisshe ni shi ne na ware leda biyu a kowane zagaye na kyauta, in ba wanda raina ya so da hannuna, sauran kuma in ce, "Yaya, wannan na jari ne, in na bayar ba zan iya komawa kasuwa ba." Wadda ke son ki za ta fahimta.

Ina masu sayen suke?

Na farko suna cikin wayarki. Ki sa hoton kayanki a WhatsApp, hoto mai haske da aka ɗauka da rana, da ɗan bidiyon kunun yana zuba daga ludayi. Ba sai kullum sau goma ba. Ki kai ɗanɗano gidan masu jego, da makarantar Islamiyyar matan aure, da wurin ma'aikatan da ba su da lokacin surfe da shanya. Zariya garin makarantu ne: Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru da Kongo, asibitin koyarwa a Shika, kwalejin Nuhu Bamalli, makarantar koyon tuƙin jirgin sama a Palladan. Ma'aikaciya ɗaya in ta yarda da kayanki za ta kawo miki ofis ɗinsu gaba ɗaya. Ɗalibai ma suna saye, musamman ƙananan ƙulli, sai dai kada ki jingina sana'arki a kansu kaɗai. A 2022 malaman jami'o'i sun yi yajin aiki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, duk mai sana'a a Samaru ya ji a jikinsa. Iyaye mata a unguwanni su ne ba sa tafiya hutu.

Azumi kasuwar kunu ce babba. Ki fara tara kaya tun watan Sha'aban, ki yi wani haɗin daban na manya mai citta da kanumfari.

Kai kaya kuwa ki tsayar masa da rana biyu a mako, ki sanar da kowa, ki samu mai Keke ko ɗan acaɓa ɗaya amintacce ya zagaya da su gaba ɗaya, mai saye ya biya kuɗin kaiwa. Na Kaduna da Kano da Abuja a kai tasha a Kwangila, ki karɓi lambar direba da ta mota ki tura wa mai kaya. Abin da ba zan ba ki shawararsa ba shi ne ɗora wa 'yarki tire ta zaga gari. Sana'ar don su muke yi, karatunta da mutuncinta sun fi cinikin yini. 'Yata tana manna mini takarda a leda ranar Asabar, tana ƙirga mini ƙulli, iyakarta ke nan.

Tunda yawancin masu sayen garin kunu don yara suke saye, akwai amanar da ke kanki. Wata za ta tambaye ki ko za ta iya ba jaririn wata uku. Ki ce mata a'a. Nono zalla ne har wata 6, kamar yadda ake faɗa a wurin awo, bayan nan a fara kunu ana ci gaba da shayarwa. Ki gaya mata kada ta sa zuma sai yaro ya cika shekara. Kada kuma ki rubuta cewa garinki yana maganin wata cuta. Abinci ne mai gina jiki, hakan ya isa talla.

Rajista

Muddin kina so kayanki su hau kantar shago, sai da lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Hanyar tana farawa da rajistar sunan sana'a a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, rajistar da ake yi ta intanet, sannan neman lambar, inda za a duba wurin da kike aikin a kuma gwada garin. Kada ki yarda wani ya buga miki lambar da ba taki ba a takarda, laifi ne babba. Ko ba ki kai nan ba tukuna, ki fara aiki kamar gobe za a zo dubawa: robobi da tire da rariyar sana'a daban da na girkin gida, ɗankwali ɗaure, farce a yanke, hannu a wanke da sabulu duk lokacin da kika canza wa yaro nafkin, kaya a kan katako nesa da ƙasa da bango.

Makona yanzu haka yake tafiya. Litinin kasuwa da tsinta. Talata jiƙo da shanya. Laraba suya da asuba. Alhamis niƙa, a huce, a tankaɗe. Juma'a ba na taɓa komai sai kitso da wankin yara. Asabar awo da liƙi da kai kaya, sauran kaiwar kuma Talata. Kullum ina barin leda goma a kwali waɗanda ba na lissafa su cikin na sayarwa. Watan jiya ƙaramin ya yi kwana huɗu a kwance, ban hura wuta ba, ban je inji ba. Daga gefen gadonsa na riƙa amsa saƙo, Abbansu yana ɗauko leda daga kwalin nan yana miƙa wa mai Keke a ƙofar gida.

Ke da za ki fara, zagayen farko kada ya wuce gero mudu 4 da abokan haɗinsa. Ki dama a gida ku sha kwana uku, ki ajiye 'yan ledoji a liƙe da kwanan wata a jikinsu, ki riƙa buɗe ɗaya duk bayan mako biyu kina shinshinawa kina ɗanɗanawa, don ki san da bakinki tsawon lokacin da garinki ke ɗauka kafin ki faɗa wa mai saye. Sauran ki ƙulla ƙanana ki aika gida goma, bayan kwana biyu ki kira kowace ki tambaye ta abin da ya kamata a gyara.